Gara Tana Gaida Alhaji

Taubashi, an ce mini gini ya kai ga daɓe, kuma a nan ne hankalinka ya rabu biyu. Wai tun da aka gama filasta da silin a sabon gidan nan naka na Mafara ba ka da zance sai na abin da za a shimfiɗa a ƙasa: ko katako na gaske, ko wannan sabuwar ledar mai zanen katako da 'yan kasuwa ke kira SPC. Direbanka ya ji, mai shayin bakin tasha ya ji, har masu ɗaukar buhun albasa ranar Talata an nemi shawararsu. Ni kaɗai ne ba a tambaya ba, ni ɗan gwaggonka da ke nan Bakura, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. To, tunda ka ƙi tambayata a ɓoye, ga amsa a jarida, kowa ya karanta.

Mun san inda ciwon ya samo asali. Shinkafar Bakolori ta yi kyau, albasa ta yi kuɗi, aljihu ya yi nauyi. Ka je Abuja ka kwana a otal, ka taka ƙasa ka ji tana amsa maka ƙwas-ƙwas, ka dawo kana yi wa simintin Kalambaina da ka girma a kansa kallon hadarin kaji. Ka kuma duba ka ga garuruwan nan namu uku kowanne ya ba Zamfara gwamna: Bakura ta ba da Yarima a 1999, Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari a 2011, Maradun ta ba da Matawalle a 2019. Sai ka ce tunda kujerar ba ta biyo ta gidanku ba, bari dai ka samu falon.

Mu fara da katakon, tunda shi zuciyarka ta fi so, kuma shi ya fi tsada, abu biyu da a wurinka duk ɗaya ne. Ban ce ba shi da kyau ba. Katakon ƙwarai, irin loko ko maɗaci, mai kaurin milimita 18 zuwa 20, in an shimfiɗa shi yadda ya kamata zai iya ganin jikoki. In ya ƙoƙe ko ya kakkarce, sai a kawo injin gugar katako a kankare samansa, a sake shafa masa banish, ya dawo sabo fil, kuma ana iya yi masa haka sau da dama kafin naman ya ƙare. Wannan ita ce babbar hujjar masu sayar da shi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka ɓoye maka shi ne a wace ƙasa gaskiyar tasu take aiki.

Itace ko an sare shi bai daina shan iska ba. In akwai laima ya sha ya kumbura, in iska ta bushe ya saki ya tsuke. Ba sai an karanta maka wannan ba. Ƙofar sitonka da ke ƙin rufuwa a watan Agusta sai an sa mata kafaɗa, ita ce dai a Janairu take barin kafar da ɓera ke shiga ba sallama. A yankinmu laimar iska kan haura kashi 70 cikin ɗari a tsakiyar damina, ta faɗo ƙasa da kashi 20 in hunturu ya kankama. Tsakanin wannan da wancan, falle ɗaya na katako zai iya tsukewa da kusan kashi 2 cikin ɗari na faɗinsa. Kai ɗan kasuwa ne, yi lissafi. Falle mai faɗin santimita 12 ya rage milimita 2 da 'yan kai. Falon da faɗinsa ya kai mita 5 kuwa, in aka tara duka, kusan santimita 10 ke nan na wofi da za su rarrabu tsakanin falle da falle. Daɓen Alhaji zai tsattsage kamar diddigen manomi a tsakiyar ɗari, sai dai shi diddige man kaɗanya na maganinsa. Ƙura ta cika kafofin, da ƙwayar shinkafa, da allurar Hajiya, da ɗan kunnen auta. Damina ta dawo, katako ya so ya koma mazauninsa ya tarar an cike gurbin, sai ya yi tozo ya ɗago, ƙofar falo ta daina buɗewa.

Ka tuna kuma daga ina ake lodo shi. Daga dazuzzukan Ondo da Edo da Kuros Riba yake tasowa, inda sama ba ta gajiya da zubar da ruwa, ya sauka a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko ya zarce Gusau, sau da yawa da sauran ruwa a jikinsa. Katakon daɓe a ɗakin zafi na musamman ake busar da shi, ana aunawa da na'ura. Namu kuwa a jingina shi da bango ne kwana biyu a rana, mai shago ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya rantse maka ya bushe. Mutanen da ka ga daɓensu yana ƙyalli a talabijin, gidajensu a rufe suke, da na'urar da ke daidaita zafi da laimar ɗaki dare da rana. Kai ko ka san yadda muke da wuta, kuma solar taka da kyar take riƙe firij da fanka biyu.

Ai mu mutanen bakin Bakolori bai kamata a sake yi mana wannan wasan ba. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gama dam ɗin a 1978, cikin hekta 23,000 da aka tsara wa ban-ruwa, wajen 15,000 na feshi ne, wanda ba ya tafiya sai da injinan turo ruwa da wuta da kayan gyara daga waje. Da injinan suka tsaya, bututu ya zama wurin hutun ƙadangaru. Inda ruwa ke gangarowa da kansa ta kwalbati shi ya ci gaba da ciyar da mutane, har aikin TRIMING na Bankin Duniya ya zo yana mai da wani ɓangaren feshin zuwa gangare. Da wannan ruwan gangaren ka noma shinkafar da ka samu kuɗin ginin nan, yanzu kuma kake neman sayo wa kanka daɓen da shi ma sai da inji yake rayuwa.

Yanzu ga masu gida na asali. Gara ta riga kakanninmu zama a ƙasar nan, kuma da ta ji labarin shirinka ta aiko in gaishe ka, ta ce Allah ya ƙara buɗi. Ba ta buƙatar ƙofa. Tsaguwar siminti da ko farce ba ya shiga ta ishe ta, ta gina hanyarta ta jar ƙasa, ta shiga katako ta ƙasa ta cinye cikinsa, ta bar maka saman da banish ɗinsa yana ƙyalli. Ba za ka sani ba sai ranar walima, babban baƙo ya tako da babbar riga ƙafarsa ta burma. Gaskiya ne zuciyar loko da ta itacen tik ba ta cika yi wa gara daɗi ba, amma farin gefen itacen fa? Ƙananan katakan da za a jera a ƙarƙashi a kafa ƙusa a kansu fa? Maganin abin shi ne a shayar da ƙasar ginin magani tun kafin a zuba kankare. Na tambayi magininka ko an yi, ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji ya ce kuɗin magani sun yi yawa, munka zuba hakanan." Mai neman katakon miliyoyi ke nan.

Iyayenmu da ba su je otal ba sun fi ka sanin gara. Rufi suka yi da azarar giginya don ba ta iya mata, turmi suka sassaƙa da ƙirya, rumbu kuwa suka ɗora shi kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa. Duk faɗin ƙasar Zamfara ba ka taɓa jin wanda ya kwantar da itace a ƙasa ya ce ya yi daɓe ba. Kai ne za ka buɗe wannan babi.

Saura ruwa. A fadar Bersai ta Faransa, a 1684 aka shiga sa daɓen katakon da har yau ake kwaikwayon zanensa, aka cire mabul, saboda ruwan wanke mabul ɗin yana tsiyaya yana ruɓar da ginshiƙan da ke ƙarƙashi. Wato daɓe ne na wurin da aka yi niyyar daina kai masa ruwa. To, dubi gidanka. Buta a kowane lungu. Kai kanka da asubar hunturu a bakin gado kake alwala a cikin tasa, rabi a tasa rabi a ƙasa. Yara suna rarrafe suna yin abin da yara ke yi. Kunu ya zube, miyar kuka ta zube, lalle ya ɗiga. Yarinyar da ke aiki kuwa ba ta yarda ɗaki ya wanku ba sai ta sheƙa masa bokiti guda ta bi da tsintsiya.

Kada ma ka ce mini madobiya. Ita ce aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa Sin a shekarun baya, daga Taraba da Kogi da sauran wurare, har ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Dazuzzukanmu na nan kuwa, na Maradun da na Kuyambana, ka san halin da ake ciki. Mai neman itacen girki ma da addu'a yake shiga. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. A wannan kam ba zolaya.

To, sai leda. Na ji ba ka son a kira ta haka, amma ita da wadda gwaggonka ta shimfiɗa wa ƙanwata a ɗakin aure uwa ɗaya uba ɗaya suke, duk robar PVC ce. Bambancinsu a gini yake, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Ɗauki falle ɗaya ka juya shi ta gefe ka duba. Can ƙasa akwai ɗan soso mai laushi. A tsakiya akwai jikin, mai nauyi da tauri, garin dutsen farar ƙasa ne aka kwaɓa da roba, irin dutsen da ake ƙonawa a Kalambaina a yi siminti. A kansa an manna wata 'yar siririyar takarda ta roba mai hoton itace, sannan aka rufe da fata mai haske da ido ke ratsawa. Duka-duka kaurin milimita 4 zuwa 6. Katakon da ya ba ka sha'awa hoto ne, Taubashi, kallon kitse kake yi wa rogo. In ka zauna ka ƙura ido za ka ga ƙullin itace guda, da tsaguwarsa da komai, ya fito a bakin ƙofa, ya fito a gindin kujera, ya sake fitowa a ƙarƙashin talabijin. Itacen Allah ba ya maimaita kansa, injin buga hoto ne ke yi.

Amma in faɗi gaskiya ko da za ta yi maka daɗi: tsakanin biyun nan, a Mafara, ledar ta ci. Gara ba ta cin dutse da roba. Ruwa ba ya kumbura ta. Hunturu da damina ba sa ja mata rai yadda suke ja wa itace. Fallayen suna da baki da ke shiga cikin juna ya kulle, ba ƙusa ba gam, ma'aikata biyu sun gama falo a yini.

Sai dai ka san abin da za ka tambaya kafin ka zaro kuɗi, don na san ka, da mai shago ya ce "Ranka ya daɗe" ka manta ciniki. Waccan fatar ta sama mai haske ita ce duk ran ledar. Akwai mai kaurin milimita 0.3, akwai mai 0.5. Gida mai yara da baƙi da rairayin da iska ke kwasowa daga tsakar gida, na biyun ya kamace shi, don rairayi a ƙarƙashin ƙafa da ƙafar kujera shi ke cinye ta a hankali. Ranar da ta cinye aka kai ga hoton, magana ta ƙare, ba kankarewa ba sabon banish, sai dai a cire a sa wata. Mai kyau za ta iya yi maka shekara 10 zuwa 20. Ka kuma sayi ƙari. Falo mai mita 5 da 6 murabba'in mita 30 ne, ka sayi 33 saboda yanke-yanke, sannan ka ajiye kwali guda a sito. Kayan nan a jirgin ruwa suke zuwa, akasari daga Sin, su biyo ta Legas zuwa Dei-Dei da Ƙofar Ruwa. Zanen da ka saya bana, baɗi ka nema ka rasa.

Akwai kuma wata 'yar'uwarta da ake cusa wa marasa sani, laminet. A ido duk ɗaya suke, amma cikinta garin katako ne aka matse, ruwa na shiga bakinta ta kumbura ba ta komawa. Kada ka saurari rantsuwa. Karɓi guntu ka jefa a bokitin ruwa ya kwana. In gari ya waye bakin ya tashi, ka mayar wa mai shago abinsa da gaisuwata.

Abokan gabar leda biyu ne, wuta da rana, kuma gidanka duk ya tara su. Hajiya ba ta kwana ba turaren wuta. Kasko na zagaya ɗaki, wata ta gifta da zani, garwashi guda ya faɗo, kafin a ce a ɗauke ya huda baƙin rami mai ƙauri da ba ya gogewa har abada. Haka dutsen guga na gawayi da ake ajiyewa a ƙasa "minti ɗaya kawai", haka kaskon jin ɗumi a watan Janairu. Rana kuwa, ka san Afrilunmu, zafi ya wuce digiri 40, kai kuma ka buɗe wa falo tagar gilashi da ta kusa kai ƙofar gareji, tana kallon yamma. Inda rana ke kwanciya kullum launi zai koɗe, leda ta miƙe ta nemi wuri. Shi ya sa ake barin tazara mai kaurin fensir tsakaninta da bango ko'ina, a rufe da ɗan allon gindin bango. In ma'aikacinka ya matse ta da bango don a ce aikinsa ya yi kyau, bazarar farko za ta yi maka kumburi a tsakiyar falo. Irin wadda ake mannawa da gam kuwa ka bar ta inda ka gan ta, zafinmu yana sakin gam. Ka sa labule mai kauri.

Babban abin da ba ka tambayi kowa ba, don ba ya ƙyalli, shi ne simintin da ke ƙarƙashi. Na ga aikin magininka. Ka sa a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a ƙasa, ka durƙusa, in tumbin ya bari, ka leƙa ƙarƙashinsa. In kafar ta wuce milimita 3 sai an sake lailaye wurin, in ba haka ba bakin fallayen zai riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya duk inda aka taka rami. Sannan ka yanko farar leda ta ƙulla kaya, ka manne gefunanta huɗu a kan simintin da salatif, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, ƙasa na fitar da ruwa, kuma filin nan naka gefen fadama ne. SPC ba ta tsoron ruwa, amma ba ta bar shi ya fita ba, sai ya kwanta a ƙarƙashinta ya yi hunhuna, falo ya riƙa wari ana zargin yara.

Ka manta ɗakin Kaka a Maradun ne? Ranar daɓe tun da safe matan unguwa ke taruwa, kowace da madaɓinta. An riga an baza tsakuwa da jar ƙasa an yayyafa ruwa. Su jeru a durƙushe, madaɓai na sauka tare, tim, tim, ana waƙa ana amshi, a cikin waƙar kishiya ta sha habaici, uwar miji ta sha nata, ba mai cewa uffan don ranar daɓe ce. Su kai bango su juyo, a sake yayyafi a sake bi, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Can gefe ga tukunyar makuba, ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwan ya yi ja wur, a riƙa shafawa ana dakawa har ƙasa ta yi santsi ta yi duhu tana ɗaukar ido. A ƙarshe a sha fura a watse, a ja ƙofa, a yi wa yara kashedi. Yaro guda ne a duk gidan ya ƙi jin kashedin, ya lallaɓa ya shiga neman sauran fura. Sawun ƙafarka na hagu yana nan a bakin ƙofar har aka rushe ɗakin, kuma ni aka fara duka kafin a gwada ƙafa. Wannan daɓen ba gara, ba tozo, in bazara ta yi zafi a yayyafa masa ruwa a kwanta a ji sanyi har ƙashi, in wani wuri ya fashe a cike a daka. Ban ce ka koma can ba, na san Hajiya sai ta yi yaji, kuma matan da suka iya sun tsufa.

Amma ka je Umra, har ka dawo ka hana mu sakat da labari. Ka yi ɗawafi da azahar ba takalmi, rana na tsakiyar ka, ƙafarka ba ta ƙone ba. Daɓen wurin farin mabul ne daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka. Mutanen da suka fi ka kuɗi, suke kuma cikin zafin da ya kai namu ko ya fi, dutse suka shimfiɗa. Kai ba ka da kuɗin Tasos, kada ka fara, amma tayil na nan, ana yin sa a Ajakuta da Ogun, kuma duk garin da ka shiga akwai wanda ya iya sa shi. Falo da baranda da kicin da banɗaki ka ba su tayil, mara santsi, saboda gwaggonka da Kawu za su zo da ruwan alwala a ƙafa, kuma in tsohuwar nan ta zame a gidanka ni da kai sai kotu. Ɗakunan kwana, inda rana ba ta shiga kuma sanyin tayil ke cizon ƙafa da asubar hunturu, ka sa musu SPC ɗinka ka huta. Katako kuwa ka yi ƙofa da shi, ka yi tebur, ka yi wa yara allo.

Duk wannan ma wahalar da alƙalamina nake yi. Na san abin da zai faru. Mako guda bayan tarewa Hajiya za ta aika Kano a kawo kafet mai laushi, a shimfiɗa daga bango zuwa bango, a ɗora darduma a tsakiya, a jera kushin a kan sauran. Ko zinari ka sa a ƙasa ba mai sake ganinsa. Kai kuma daga Maris zuwa saukar ruwa a tsakar gida kake kwana kan tabarmar kaba, da 'yar shara da mafici, da rana kuma kana zaure kana karɓar baƙi a kan buzu. Falon sai ranar Sallah ake buɗe shi.

Abu na ƙarshe. Watan cika-ciki na tafe, kuma kun ce mu 'ya'yan mace bayinku ne, mu ke da shara ku ke da biya. Ban musa ba. Amma abin da kake miƙo mini tun muna samari na ɗaki guda ne da zaure. Yanzu ga falo biyu, ga ɗakuna, ga baranda. Bana da awon murabba'in mita za a biya ni, kuma zan zo da tef ɗina, don ban yarda da na magininka ba.